Addini, Ƙabila ko Jini: Waiwaye kan Tarihin Kalmar "Bayahude"

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin ƙirar kalma a Hausa ya san aikin ɗafa-goshin nan "ba-", wanda ke nuna asalin mutum ko garinsu ko sana'ar gidansu, kamar a Bakano da Bagobiri da Balarabe da Baduku. Musulmi da Kirista ba su ɗauki wannan ɗafi ba. Amma da aka zo kan mabiyin Attaura sai aka ce Bayahude, jam'i Yahudawa, wato aka jera shi a sahun Balarabe da Bature. Irin wannan cuɗanya tsakanin addini da asali ta auku ga Banasare, wanda tushensa sunan Kiristoci ne a Larabci, amma ya koma nufin farar fata daga Turai. Ashe ke nan ƙirar kalmar kanta ta bar tambaya a buɗe: shin Bayahude mai addini ne, ko ɗan ƙabila, ko kuwa wanda ya gaji jini?

Tambayar ta wuce ta fatar baki. A kan amsarta an kashe mutane, an raba aure, an ba wasu izinin zama 'yan ƙasa an hana wasu. Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar cikin tarihi don nuna cewa al'ummar ta girmi wannan rabo na gida uku, wanda sai daga baya aka tsara shi a Turai. Shi ya sa duk amsar da aka ɗauka ita kaɗai, sai an sami wani mutum da zai karya ta. Abin da ya ɗore shi ne wata ƙa'idar zumunta: ana haihuwar mutum cikin al'ummar, ana iya karɓar baƙo ya zama ɗan gida, amma ba a buɗe ƙofar fita ba.

2.0 Daga sunan ƙasa zuwa sunan tafarki

Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci Isra'ila shi ne allon dutsen Fir'auna Marnafta na wajen shekarar 1208 kafin Miladiyya, wanda aka tono a 1896. Marubutan Masar sun liƙa wa sunan alamar da suke liƙa wa jama'a, ba wadda suke liƙa wa gari ko ƙasa ba. Kalmar "Yahudi" kuwa daga baya ta zo. Asalinta sunan Yahuza ne, ɗaya daga cikin 'ya'yan Annabi Yaƙub, sannan sunan daular kudu mai hedkwata a Birnin Ƙudus. Assuriyawa sun rushe daular arewa a 722, Babilawa kuma suka ci ta kudu a 586 kafin Miladiyya. A zamanin Farisawa lardin ya ci gaba da amsa sunan Yahud, mutuminsa kuwa Yahudi, daidai da yadda mutumin Gobir yake Bagobiri. Bautar Ubangijin kakanni wani ɓangare ne na zama ɗan ƙasar, kamar yadda abin yake ga dukkan al'ummomin wancan zamani.

A littattafan farko na Ibrananci ta wajen uba ake ƙirga dangantaka. Annabi Yusuf ya auri Bamisriya, Annabi Musa ya auri mutuniyar Madyana, ba kuma a yi shakkar 'ya'yansu ba. Bayan dawowa daga Babila ne aka ji muryoyi biyu masu karo da juna. Littafin Ezra ya ba da labarin umurnin da aka yi wa mazaje su saki matansu baƙi tare da 'ya'yansu. Littafin Rut kuma ya kawo labarin mace 'yar Mowab da ta zaɓi jama'ar surukarta da Ubangijinsu, har ta zama kakar mahaifin Annabi Dawud. Duka biyun suna cikin kundi ɗaya, kuma har yau kowane ɓangare na gardamar yana da wanda yake jingina da shi.

Babban sauyi ya zo ne a ƙarni na biyu kafin Miladiyya. A littafin Makabiyawa na biyu aka fara ganin kalmar Girkanci "Yudayismos", wadda aka ƙera don ta tsaya daura da "Helenismos", wato bin al'adun Girkawa. Sarkin Yahudawa Yohana Hirkanus, wanda ya yi mulki daga 134 zuwa 104, ya ci ƙasar Idumiya ya tilasta wa mutanenta kaciya da bin dokokin Yahudawa, kamar yadda masanin tarihi Yosifus ya ruwaito. Daga zuriyarsu Sarki Hirudus ya fito. A ƙarni na farko na Miladiyya kuma Sarauniya Helena ta Adiyabin, a arewacin Iraƙi ta yau, ta shiga addinin da ra'ayin kanta. Masani Shaye Cohen, a littafinsa na 1999, ya kafa hujja da irin waɗannan cewa a nan ne kalmar ta fara ɗaukar ma'anar abin da mutum zai iya zama ba tare da an haife shi a ciki ba. Steve Mason kuwa, a 2007, ya ce a duk wancan zamani kalmar "Yudayos" mutumin ƙasar Yahudiya take nufi, don haka a fassara ta da sunan ƙasa. Masu aikin fassara a harsunanmu sun san nauyin wannan saɓani, domin kalma ɗaya ce mai fassara zai zaɓa, alhali asalin yana ɗauke da ma'ana biyu.

Hukumar farko da ta tilasta a yanke magana ita ce ta masu karɓar haraji. Bayan da Rumawa suka rushe Haikali a shekarar 70, Sarki Basfasiyan ya ɗora wa kowane Bayahude dirhami biyu a shekara. A zamanin Domishiyan aka tsananta, aka bi waɗanda suka ɓoye asalinsu da waɗanda ke bin al'adun ba tare da sun bayyana ba. Marubuci Suwetoniyus ya ce a gabansa aka tuɓe wani tsoho ɗan shekara 90 don a ga ko yana da kaciya. Sarki Nerba ya kawar da wannan cin zarafi a shekarar 96.

3.0 Ƙa'idar malamai

Da Haikali ya tafi, ƙasa kuma ta suɓuce, sai ragamar al'umma ta koma hannun malaman da ake kira rabbai. A kundin Mishna, wanda aka kammala wajen shekarar 200, aka tabbatar da cewa ɗan da baƙuwa ta haifa matsayin uwarsa yake bi. Daga nan aka gina ƙa'idar da ta shahara: ɗan Bayahudiya Bayahude ne, ko wane ne ubansa. Masu ra'ayin gargajiya sun ce daga Attaura aka ciro hukuncin. Wasu masana tarihi kuwa suna ganin tasirin dokar Rumawa, wadda ke bin uwa idan auren bai inganta ba. Ko a cikin gida ba kowa ya bi ba, domin Ƙara'iyawa, waɗanda ba su yarda da Talmud ba, ta wajen uba suke ƙirgawa. Haka kuma matsayin firist, wato kohen, har yau daga uba ake gadonsa.

Wanda ya tsaya a nan zai ce magana ta ƙare, jini ne. Amma malaman nan dai su ne suka tsara hanyar karɓar baƙo: ya amince da dokoki a gaban kotun malamai, a yi masa kaciya idan namiji ne, sannan ya nutsa cikin ruwan tsarki. Abin lura shi ne harshen da aka yi amfani da shi. Talmud ya kwatanta wanda ya shiga da jaririn da aka haifa yanzu, ana kuma kiransa ɗan Ibrahim. Wani mai suna Obadiya, wanda ya shiga addinin, ya tambayi Musa bn Maimun, babban malamin da ya rasu a Masar a 1204, ko ya halatta ya ce "Ubangijin kakanninmu" a cikin addu'a, tun da kakanninsa ba su ne ake nufi ba. Malamin ya amsa masa cewa ya faɗa, domin Ibrahim ubansa ne. Wato shiga addinin an fassara shi da shiga dangi, kuma 'ya'yan macen da ta shiga za su gaji matsayin ta hanyar haihuwa. Ta wannan ƙofa sarakunan Himyar na Yaman suka shiga kafin zuwan Musulunci, haka ma masu mulkin Khazar a arewacin tekun Kasfiyan wajen ƙarni na takwas ko na tara.

Ƙofar fita ce aka toshe. Akwai wata magana a Talmud da ke nuna cewa Isra'ila ko ya yi zunubi sunansa Isra'ila. Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, ya faɗaɗa ta har ta haɗa da wanda ya yi ridda. Irin wannan mutum ya rasa wasu haƙƙoƙi a majami'a, amma aurensa da Bayahudiya yana nan, sai ya rubuta mata takardar saki kafin ta yi wani. A nan ne ma'aunin "addini" yake gazawa, domin a Musulunci da Kiristanci imani ne ke shigar da mutum, rashinsa kuma ya fitar da shi.

A daulolin Musulunci doka ta ɗauki Yahudawa a matsayin Ahlul Kitabi, masu biyan jiziya, masu kotunan kansu a sha'anin aure da gado. Larabcin Alƙur'ani yana da lafazin Bani Isra'ila mai nuni ga zuriya, da lafazin Yahudu mai nuni ga jama'ar addini, kuma Hausa ta aro duka biyun. A shari'ance wanda ya musulunta ya fita daga hukuncin jiziya nan take.

4.0 Iyakokin da na waje suka ja

A ƙa'idar Coci ma baftisma tana shafe abin da ya gabata. A Sifen ne wannan ƙa'ida ta fara karyewa. Bayan kashe-kashen 1391 dubban Yahudawa sun karɓi Kiristanci, 'ya'yansu suka sami muƙamai a fada da Coci. Hassada ta biyo baya. A 1449 birnin Toledo ya kafa dokar hana zuriyar waɗannan tubabbu riƙe muƙami, daga nan dokokin "tsarkin jini" suka bazu zuwa makarantu da ƙungiyoyin addini. An kori waɗanda suka ƙi tuba a 1492, an yi wa na Fotugal baftismar dole a 1497, amma binciken kakanni bai tsaya ba. Ƙungiyar Jesuwit ta rufe ƙofarta ga masu asalin Yahudawa a 1593, ba ta soke dokar ba sai 1946.

Juyin juya halin Faransa ya bi ta ɗaya gefen. A Disamba 1789 ɗan majalisa Klermon-Toner ya ce a hana Yahudawa komai a matsayin al'umma, a ba su komai a matsayin ɗaiɗaikun mutane. An ba su 'yancin zama 'yan ƙasa a 1791. A 1806 Napoliyon ya tara manyansu ya yi musu tambayoyi 12, ciki har da ko suna ɗaukar Faransawa 'yan'uwansu, da ko za su kare Faransa. Sharaɗin a fili yake: su zama masu addini kawai, kamar Katolika da Furotesta. Da yawa sun karɓa da hannu biyu. Malaman tafarkin gyara na Amurka, a taronsu na Fitsbag a 1885, sun bayyana cewa su jama'ar addini ce, sun daina zama al'umma mai jiran komawa Falasɗinu. Ƙungiyar da aka kafa a Jamus a 1893 ta kira 'ya'yanta Jamusawa 'yan ƙasa masu addinin Yahudu.

A daidai lokacin ne ilimin harsuna ya ba da gudummawar da ba abin alfahari ba ce. A 1781 Shloza ya ƙago kalmar "Samawa", daga sunan Sam ɗan Annabi Nuhu, don rukunin harsunan da ya haɗa Ibrananci da Larabci da Aramiyanci. Cikin ƙarni guda sunan dangin harsuna ya rikiɗe ya zama sunan launin jini, har Wilhelm Marr ya yayata kalmar "ƙin Samawa" a 1879 don ya nuna cewa ƙiyayyarsa ta kimiyya ce, ba ta addini ba. Masu nazarin Hausa sun san ɗan'uwan wannan kuskure, wato sunan "Hamawa da Samawa" da aka daɗe ana kiran babban dangin harsunanmu da shi, kafin Greenberg ya maye gurbinsa da Afro-Asiya. Gaskiyar magana, Yahudawan wancan ƙarni ba su da harshen gida guda. Na gabashin Turai Yidish suke yi, wanda tushensa Jamusanci ne. Na daular Usmaniyya Ladino, daga Sifaniyanci. Na Bagadaza da Fas da San'a kuwa Larabci. Abin da ya haɗa su shi ne Ibranancin ibada da baƙaƙensa, waɗanda suke rubuta harsunan gida da su, kwatankwacin ajami a wurinmu.

Ƙiyayyar jini ta haifar da martani iri biyu a shekara guda, 1897. A Basel Theodor Herzl ya tara taron farko na Sahyoniyawa, masu cewa Yahudawa al'umma ce da ke buƙatar ƙasa. A Bilna aka kafa ƙungiyar ma'aikata ta Bund, masu cewa al'umma ce mai harshen Yidish, a bar ta inda take. Yawancin shugabannin ɓangarorin biyu ba masu ibada ba ne. Tarayyar Sobiyet ma ta ɗauki wannan ma'ana, domin daga 1932 takardar shaidar ɗan ƙasa tana rubuta "Bayahude" a gurbin ƙabila, inda ake rubuta Barashe ko Ba'armeniye.

Dokokin Nuremba na 1935 su ne ƙarshen tafarkin jini, kuma a cikinsu ne rauninsa ya fi fitowa. Ƙa'idar da aka fitar a Nuwamba na shekarar ta ce duk mai kakanni uku Yahudawa Bayahude ne. To, ta yaya za a gane kakan? Ba su da wani awo na jiki, sai suka koma ga rajistar majami'a: kakan da ke cikin jama'ar addinin shi ne Bayahude. Wato addinin kaka ya zama jinin jika. Da wannan ma'auni aka kashe kimanin mutum miliyan 6, har da irin su Edith Stein, wadda ta karɓi Kiristanci tun 1922, ta zama 'yar zuhudun Katolika, aka kashe ta a Aushwits a 1942.

5.0 Kalmar a gaban alƙalai

Dokar Komawa ta 1950 ta ba kowane Bayahude damar zama ɗan ƙasar Isra'ila, amma ba ta fassara kalmar ba. Oswald Rufeisen ne ya fara gwada ta. An haife shi a Folan, iyayensa duka Yahudawa, ya taimaki Yahudawan garin Mir su tsere wa 'yan Nazi, ya ɓuya a gidan 'yan zuhudu, ya karɓi Kiristanci ya zama Ɗan'uwa Daniyel. A ƙa'idar malamai Bayahude ne, tun da uwarsa Bayahudiya ce. A 1962 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 4 a kan 1, ta ƙi buƙatarsa. Hujjarta ta masu nazarin ma'ana ce: dokar ta majalisa ce, don haka kalmar tana ɗaukar ma'anar da talaka ke ba ta a bakinsa, kuma talaka ba ya kiran limamin Kirista Bayahude. A ganina wannan hukunci ya fi kowane bayyana ruɗanin, domin kotun da ba ta addini ba ta kori mutum saboda addininsa, alhali dokar addinin da kanta ta karɓe shi saboda haihuwarsa.

Shari'ar Binyamin Shalit ta zo da akasin haka. Shi hafsan sojan ruwa ne, matarsa ba Bayahudiya ba ce, dukansu ba sa bin addini, amma ya nemi a rubuta 'ya'yansa Yahudawa a gurbin ƙabila. A Janairu 1970 kotu ta ba shi gaskiya da 5 a kan 4. Nan da nan majalisa ta gyara dokar: Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa ko ya shiga addinin, muddin ba ya bin wani addini. Sai dai ta ba 'ya'ya da jikokin Bayahude da abokan aurensu damar shigowa. Sakamakon ya bayyana bayan 1989, lokacin da kimanin mutum miliyan 1 suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Dubban ɗaruruwa daga cikinsu, waɗanda a can ake zagi da sunan Yahudawa saboda sunan ubansu, sun tarar hukumar malamai ba ta ƙirga su. Suna aikin soja, amma ba za a ɗaura musu aure a hannun malamai ba, sai da yawa su tafi Saifurus su ɗauro.

Yahudawan Habasha, Beta Isra'ila, ba su san Talmud ba, da Gi'iz suke ibada. A 1973 babban malami Obadiya Yosef ya yi fatawar cewa Yahudawa ne daga zuriyar Dan, yana dogara da fatawar wani malamin Masar na ƙarni na 16. An kwaso kimanin 8,000 ta Sudan daga ƙarshen 1984, da sama da 14,000 daga Adis Ababa a Mayu 1991. Duk da haka an nemi na farkon su yi wankan shiga addini don kawar da shakka, abin da ya jawo zanga-zangarsu a 1985.

A waje ma ba a daidaita ba. Tafarkin gyara na Amurka ya amince a 1983 da ɗan da ubansa kaɗai ne Bayahude, idan an tarbiyyantar da shi a haka. A 2009 Kotun Ƙolin Birtaniya, da 5 a kan 4, ta ce makarantar Yahudawa ta JFS da ke Landan ta yi wariyar ƙabila da ta auna yaro da matsayin uwarsa, ta yadda dole makarantar ta koma auna halartar majami'a, ma'aunin da malamanta ba su taɓa ɗauka shi ne asali ba. Binciken cibiyar Pew na 2020 kuma ya nuna kashi 27 cikin 100 na manyan Yahudawan Amurka sun ce ba su da addini, amma suna kiran kansu Yahudawa.

Wasu sun sa ran ilimin ƙwayoyin gado zai raba gardama. Bincike biyu da aka buga a 2010 sun nuna Yahudawan Turai da na Gabas ta Tsakiya da zuriyar na Sifen suna da tushe guda a Gabas ta Tsakiya, gauraye da na maƙwabtan da suka zauna da su, yayin da na Habasha da na Indiya suka fi kusa da mutanen ƙasashensu. A 2006 an gano cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na Yahudawan Ashkenazi, wato na tsakiya da gabashin Turai, sun fito ta wajen uwa daga mata huɗu kacal. A 2019 ta bayyana cewa wasu kotunan malamai a Isra'ila suna karɓar gwajin wannan gado na uwa a matsayin ƙarin shaida ga 'yan tsohuwar Sobiyet da ba su da takardu. Masu binciken 2006 sun ce matan huɗu daga Gabas ta Tsakiya suke. Wani bincike na 2013 ya ce Turawa ne, wataƙila daga yankin Bahar Rum, waɗanda mazajen Yahudawa suka aura bayan sun shiga addinin.